Tambayi Likita: Rage sukari a kek da biskit, da gaskiyar zumar mapul

Likita, ƙanena da ke karatu a Kanada ya kawo mini tsarabar wata kwalba, ya ce zumar itacen mapul ce, kuma ta fi sukari lafiya. Mece ce ita? Zan iya daina sayen sukari in koma kanta? Daga wata uwar gida a Zariya.

Hajiya, Allah ya saka wa ƙanin naki da alheri, tsaraba ce mai tsada. Sai dai sunan zuma aro ne, babu ruwan ƙudan zuma a cikinta. Ruwan jikin itacen mapul ne, wannan da ganyensa ke kan tutar Kanada. Ana huda jikin itacen a ƙarshen hunturu, tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da dare ke daskarewa rana kuma ta ɗan sake, sai ruwa ya riƙa ɗiga. Ruwan kamar na randa yake, zaƙinsa bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba. Sai a yi ta dafa shi har ya ƙafe, ana buƙatar kusan lita 40 kafin a samu lita ɗaya ta zumar. Lardin Kebek na Kanada shi ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na abin da duniya ke sha, a Amurka kuma jihar Vermont ce kan gaba.

Idan kin san yadda ake dafa ruwan rake a yi mazarƙwaila, kin gane aikin. Kuma abin da ya rage a tukunya iri ɗaya ne, domin sukarin da ke cikin mapul mafi yawansa irin na rake ne. Kashi 66 cikin 100 na nauyinta sukari ne, sauran ruwa. Babban cokali ɗaya yana ɗauke da sukari giram 12 zuwa 13, kusan daidai da babban cokalin farin sukari. Gaskiya ne tana da ma'adinai irin su manganis da zinki da kalsiyam, da bitamin B2, waɗanda babu su a farin sukari. Amma wanda zai nemi ma'adinai daga zaƙi, kafin ya samu abin kirki ya sha sukarin da ya fi ƙarfinsa. Wake da gyaɗa da zogale sun fi ta wannan aiki nesa ba kusa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, ta saka zuma da mapul da ruwan 'ya'yan itace a kwando ɗaya da farin sukari. Ta ce kada su wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin yini, wato kusan giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga babba, in an iya saukowa giram 25 ya fi. Saboda haka ki yi amfani da tsarabarki don ƙamshinta, wanda yake da daɗi ƙwarai, amma ki ƙirga ta a matsayin sukari.

Ina yin kek na sayarwa. Na rage sukarin zuwa rabi saboda masu saye suna ƙorafin zaƙi, sai ya fito fari fat, da tauri kamar burodi, washegari ya bushe. Ina kuskuren yake? Daga wata mai sana'a a Kaduna.

Malama, kuskuren shi ne ɗaukar sukari a matsayin ɗanɗano kawai. A cikin kwaɓi yana aiki kamar bulo a gini. Lokacin da kike buga bota da sukari har su yi fari, ƙwayoyin sukarin ne ke yanka botar suna cusa mata iska, kuma wannan iskar ce bakin hoda ke hurawa kek ya tashi. Sukari yana kuma ƙwace ruwa daga fulawa, ya hana ta yin danƙon nan da ake so a burodi amma ba a so a kek. Da kika cire rabi, fulawar ta samu ruwa yadda take so, ta ɗaure. Shi ne ke riƙe laima bayan an sauke, shi ya sa naki ya bushe kwana ɗaya. Launin ja-ja na sama ma daga gare shi yake, idan ya haɗu da zafi da sinadarin ƙwai da madara.

Ki fara da cire kashi ɗaya cikin huɗu. Idan kin saba sa giram 200 a fulawa giram 250, ki koma 150. Yawancin masu ci ba za su lura ba. Bayan makonni biyu ko uku ki gwada 135, wato an cire kashi ɗaya cikin uku, nan ne iyakar da kek ɗin bota ke jurewa ba tare da an sake lissafin komai ba. Ki tsawaita bugun bota da sukarin zuwa minti biyar. Da zarar kin zuba fulawa, ki juya a hankali har sai farinta ya ɓace, ki tsaya, domin yawan juyi ya fi cutar da kwaɓi mai ƙarancin sukari. Ki ƙara babban cokali biyu na madara ko kindirmo. Sannan ki duba shi minti biyar kafin lokacin da kika saba, da tsinke, kada ki jira launi, don ba zai yi ja kamar da ba, kuma jiran jan ne ke busar da shi.

Kada ki manta da gishiri, rabin ƙaramin cokali. Yana fito da zaƙin da ya rage. Kirfa da gyaɗar ƙamshi da filebon banila da ɓawon lemu da aka kankare su ma suna sa harshe ya ji kamar zaƙin ya fi yadda yake.

Ba kowane abu ke jurewa daidai ba. Cincin da burodi ba su da rigima, yis ma yana iya tashi da sukarin da ke cikin fulawar kanta, yawan sukari rage masa ƙarfi yake yi. Biskit idan an rage ba ya bajewa a faranti, sai ki danne shi da cokali kafin gashi. Kek ɗin da ake buga ƙwai ya yi kumfa babu bota shi ne mai taurin kai, sukarin ne ke riƙe kumfar, in aka rage da yawa sai ya faɗa a tsakiya. Wannan ki taɓa shi kaɗan kawai. Kuma tunda sayarwa kike yi, ki sani kek mai ƙarancin sukari ba ya daɗewa, a zafin nan namu ki yi wanda zai ƙare cikin kwana biyu.

Yaya ake auna mapul a madadin sukari? Na zuba kofi ɗaya a wurin kofi ɗaya, kwaɓin ya tsinke, gefe ya ƙone ciki bai nuna ba. Daga wata mai karatu mazauniyar Toronto.

'Yar'uwa, kin zuba ruwa ne ba ki sani ba, tunda kashi ɗaya cikin uku na mapul ruwa ne. A wurin kowane kofin sukari ki sa kashi uku cikin huɗu na kofi, sannan ki rage babban cokali uku zuwa huɗu daga madara ko ruwan haɗin. Idan haɗin ba shi da wani ruwa sai ƙwai, ki ƙara fulawa babban cokali uku. Ki sauke zafin obin da kusan digiri 10 zuwa 15, misali daga 180 zuwa 165 ko 170, ki ƙara 'yan mintuna. Mai gashi a tukunya da yashi ta rage garwashin ƙasa. Ki haɗa mapul ɗin da ƙwai da mai, ba da fulawa ba, kuma kada ki zuba shi da sanyin firij a kan narkakkiyar bota, zai daskarar da ita ta yi gudaji.

Ya fi dacewa da kek ɗin da ake yi da man gyaɗa ko wani mai na ruwa. A kek ɗin bota ba ya kama iska, saboda ba shi da ƙwayoyin da za su yanka botar. Can sai ki raba, ki buga botar da rabin sukarin, mapul ya cike gurbin sauran. Akwai kuma garin sukarin mapul, wanda aka dafa har ya bushe, shi ana buga shi da bota kamar farin sukari, sai dai kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Bari mu yi lissafi, don a nan ake ruɗar mutane. Kofin sukari giram 200 ne. Kashi uku cikin huɗu na kofin mapul nauyinsa kusan giram 240, sukarin ciki kusan 160. Kin rage giram 40 ke nan daga kek guda. In aka yanka shi 12, kowane yanki ya sauka daga kusan giram 17 zuwa 13, ragin ƙaramin cokali ɗaya. Wadda ta cire kashi ɗaya cikin huɗu na farin sukarinta ba ta sayi komai ba ta fi ki ragi. Ribar mapul ita ce ƙamshinsa mai ƙarfi yana ba ki damar sa kaɗan. Don haka ki sayi mai duhu, wanda ake samu a ƙarshen kakar ɗiba, mai haske ƙamshinsa ɓacewa yake yi a wuta.

Ga haɗin da za ki gwada na ƙananan kek 12: fulawa giram 250, bakin hoda ƙaramin cokali biyu, gishiri rabin ƙaramin cokali, kirfa ƙaramin cokali ɗaya, ƙwai biyu, mai mililita 80, madara mililita 120, mapul mai duhu mililita 120. Ki tankaɗe busassun a kwano ɗaya, ki kaɗa masu ruwan a wani, ki haɗa ki juya sau goma sha biyar ko makamancin haka, ko da sauran 'yan gudaji. Ki gasa a digiri 170 na minti 20 zuwa 22. Kowane ɗaya zai ɗauki kusan giram 9 na sukarin da aka ƙara.

Mahaifiyata tana da ciwon suga, tana shan metfomin. An ce mapul ba ya tayar da suga. Mu yi mata kek da shi? Daga wani ɗa a Maraɗi.

Malam, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Wanda ya faɗa muku haka ya ji rabin magana ne. Akwai ma'aunin da ke nuna saurin da abinci ke tayar da sukarin jini. A kansa mapul yana wajen 54, farin sukari wajen 65. Bambanci ne ƙarami, kuma yana ɓacewa da zarar an ƙara cokali. Abin da aka fi mantawa shi ne fulawar kanta. Farin burodi yana sama da 70 a wannan ma'auni, ya fi sukari, domin sitacin fulawa narkewa yake yi ya zama gulukos a hanji. Kek ɗin da babu ko ƙwayar sukari ma zai tayar mata da suga.

Idan tana marmari, ba sai an hana ta gaba ɗaya ba. Ku maye rabin fulawar da garin alkama wanda ba a cire dusarsa ba, ku sa dakakkiyar gyaɗa, ku rage zaƙin. Ta ci ƙaramin yanki bayan abinci mai ganye da wake ko kifi, a rage mata tuwo ko shinkafar wannan lokacin, kada ta ci da shayi mai sukari da safe cikinta babu komai. In kuna da na'urar gwaji, ku gwada bayan awa biyu. Ga yawancin masu ciwon ana so sukarin jini ya kasance ƙasa da 180 a na'urar da ke nuna mg/dL, ko 10 a mai nuna mmol/L, sai dai in likitanta ya ba ta wani adadi. Na'urar ce za ta gaya muku gaskiyar abin da jikinta ke jurewa. Kada kuma a taɓa adadin maganinta don za ta ci kek.

Game da ƙwayoyin zaƙi marasa sukari da ake sayarwa a kemis, asfatem yana rasa zaƙinsa a wuta, bai dace da gashi ba. Sukuralos yana jurewa, amma ba ya riƙe laima, ba ya sa launi.

Mapul ya yi mana tsada. Zuma ko dabino ko mazarƙwaila fa? Kuma zan iya ba jaririna ɗan wata takwas? Daga wata uwa a Kumasi.

Maman jariri, in fara da na ƙarshen don shi ne mai haɗari. Kada a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko a gasasshen abu ce. Tana iya ɗaukar ƙwayar cutar botulizim, wadda zafin gashi ba ya tabbatar da kashe ta, hanjin jariri kuma bai iya kare kansa ba, cutar tana shanye tsoka har ta numfashi. Mapul ma ba ya buƙatarsa, shawarar masana ita ce a guji ƙara wa yaro zaƙi kafin shekara biyu. Nunanniyar ayaba ta ishe shi.

Ga manya, zuma ta fi mapul sukari, giram 17 a babban cokali, kuma ta fi saurin ƙonewa. Tana da ɗan tsami, saboda haka a ƙara kwatan ƙaramin cokali na bekin soda ga kowane kofi. Mazarƙwaila sukari ce da ba a tace ba, lissafinta ɗaya da fari. Dabino shi na fi zaɓa, ba don ba shi da sukari ba, kusan kashi biyu cikin uku nasa sukari ne, sai don yana zuwa da harzarsa. Ki cire ƙwallon kofi ɗaya, ki jiƙa a rabin kofin ruwan zafi minti 15, ki markaɗa. Ki maye rabin sukarin haɗin da shi. Kek ɗin zai yi duhu da ɗan nauyi.

Na ga wata kwalba mai arha a kanti an zana ganyen mapul a jiki. Ita ce? Kuma tawa ta yi fari-fari a sama. Daga wani magidanci a Abuja.

Alhaji, juya kwalbar ka karanta abubuwan da ke ciki. Ta gaskiya abu ɗaya za ka gani, mapul zalla. In ka ga an rubuta "pancake syrup" ko "maple flavoured", yawanci zaƙin masara ne aka sa wa launi da ƙamshi, zanen ganyen talla ne.

Farin da ka gani a sama hunhuna ce. Zuma tana zama a kan kanta shekara da shekaru saboda ruwanta kaɗan ne, mapul kuwa ruwansa ya kai yadda hunhuna ke iya rayuwa da zarar an buɗe. Zubar da wannan. Ta gaba ka sa ta a firij da an buɗe, a kwalbar gilashi mai murfi, kada a tsoma jiƙaƙƙen cokali. In wutar unguwarku ba ta zama, ka sayi ƙaramar kwalba da za ta ƙare cikin makonni biyu. Ƙanƙarar sukari da kan taru a gindin kwalba kuwa ba lalacewa ba ce, sa kwalbar a ruwan ɗumi za ta narke.