Malamina ya dawo min da furofozal ɗina kan sabara, ta ina zan kama gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a tsangayar harhaɗa magunguna. Na rubuta furofozal mai taken "Amfanin sabara wajen magance cututtuka", sai malamin da ke duba aikina ya dawo min da shi, ya ce taken ya yi faɗi, kuma bai ga hanyar da zan bi ba. Alhali gabatarwata kaɗai shafi tara ce. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminki yana da gaskiya, kuma shafi taran nan ba za su cece ki ba. Furofozal alkawari ne kike ɗauka cewa ga tambaya guda ɗaya, ga yadda za ki amsa ta da kayan da ke ɗakin gwajinku, cikin watannin da suka rage miki, da kuɗin da ke hannunki. Taken da kika kawo kuwa aikin cibiya ne sukutum. Ko cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Abuja, lokacin da ta samar da maganin Niprisan daga haɗin da ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa, ciwo ɗaya ta sa a gaba, wato sikila.

To, zaɓi ciwo ɗaya. Mutanenmu na shan sabara don gudawa da tari da zazzaɓi, masu jego ma na amfani da ita. A ce kin ɗauki gudawa. Sai taken ya koma: gwajin tasirin ganyen sabara da aka jiƙa a ruwan sinadarin metanol kan gudawar da aka jawo wa ɓeraye. Kin ga yanzu mai karatu ya san wane tsiro, wane sashe nasa, da me aka tatso ta, a kan wace dabba. Sunan kimiyya, Guiera senegalensis, dole ya fito a taken. Kafin ki rubuta komai, ki bincika abin da aka riga aka wallafa, don sabara ba baƙuwa ba ce a ɗakunan gwajin Zariya da Kano da Sakkwato. Idan an yi gwajin da ganye, ki ce an yi, sannan ki nuna giɓin da ya rage, ko saiwa ce, ko wani kaso na abin da aka tatso. Giɓin nan shi ne hujjar aikinki, kuma sakin layi biyu sun ishe shi.

Shawarata, wadda ba kowane malami zai yarda da ita ba, ita ce ki fara rubuta babin hanyar bincike kafin gabatarwa, domin nan ne ake gane ko aikin zai yiwu. Ki faɗi inda za ki tsinko ganyen da kuma watan, ki kai samfuri ma'ajiyar tsirrai ta sashen nazarin tsirrai a tantance a ba ki lamba. Ganyen da aka sayo busasshe a kasuwa ba lamba, duk abin da ya biyo baya ba shi da tushe. A shanya a inuwa, a daka, a auna nauyi, a jiƙa a metanol na awa 72 ana girgizawa, a tace, a ƙafar da ruwan, a sake auna abin da ya rage. Daga nan sai gwajin guba, ko ta hanyar da masani Lorke ya wallafa a 1983 ko ta ƙa'ida mai lamba 425 ta ƙungiyar ƙasashe ta OECD, don daga sakamakonsa ne za ki fitar da adadin da za ki ba ɓerayen, ba daga kanki ba.

Sai gwajin kansa. Rukuni biyar, kowanne ɓeraye biyar ko shida: na farko ruwa zalla, na biyu loperamide, sanannen maganin gudawa, a matsayin ma'auni, sauran ukun sabara a adadi uku daban-daban. Bayan an ba su, a ɗura musu man zurma don ya jawo musu gudawa, a sa kowane ɓera shi kaɗai a keji da aka shimfiɗa wa farar takarda, ana canja ta duk awa, ana ƙirga kashi mai ruwa da lokacin da ya fara fitowa. Ki rubuta wannan dalla-dalla yadda ɗalibin da bai taɓa ganinki ba zai iya maimaitawa. Ki kuma ambaci lissafin da za ki yi tun yanzu, wato ANOVA da gwajin Dunnett a bayansa, hanyoyin lissafin da ke nuna ko akwai bambanci na gaske tsakanin rukunonin, kada sai alƙaluma sun taru ki fara neman mai taimako.

Manufofinki su zama uku ko huɗu, kowacce tana da gwajin da ke amsa ta a babin hanya. Manufar da ba ta da gwaji, goge ta. Izinin kwamitin kula da dabbobin bincike na jami'arku kuma a neme shi da wuri, don kwamiti ba ya zama saboda gaggawar ɗalibi.

Kafin ki miƙa, ki je ɗakin gwajin da ƙafarki ki tambayi ma'aikatan: akwai metanol? Na'urar ƙafar da ruwa tana aiki? Nawa ne ɓera ɗaya da abincinsa na wata? Farashin da suka faɗa miki shi za ki sa a kasafi. Idan kika ga kuɗin ya fi ƙarfinki, babu abin kunya a sauya layi. Kina iya nazarin takardun rubuta magani a asibitoci da ma'aunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1993: magani nawa ake rubutawa a takarda guda, kashi nawa ke ɗauke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kashi nawa allura. Hukumar ta ba da shawarar a duba aƙalla takardu 600 a irin wannan nazari, kuma za ki buƙaci izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, amma ba ki sayen ɓera ko ɗaya.

Ki rage gabatarwar zuwa shafi biyu, ki kai wa malaminki sabon take da manufofi da babin hanya kaɗai tukuna. In ya sa hannu a kansu, sai ki ci gaba da sauran. Allah Ya ba da sa'a.