Miyar fis ɗina tana ƙarewa, amma kuɗi ba ya zama: in ci bashi in faɗaɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata takwas ke nan ina dafa miyar tsagaggen fis (ƙananan ƙwayoyin nan dangin wake) a gida, mai kaurin nan da ake sha da cokali, ina zubawa a roba ina kai wa ma'aikatan ofis da maƙwabta. Kilo biyu nake ɗorawa, sau uku a mako, kuma da wuya ta kwana. Sai dai in wata ya ƙare ba na ganin komai a hannuna. Wata ƙawata ta ce ƙarancin abin ne ya hana riba fitowa, in ci bashi in sayi babbar tukunya da firiza. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki ci bashin nan tukuna. Kayan da ke ƙarewa kullum amma bai bar kuɗi ba, akwai inda yake yoyo, kuma in kika ninka tukunya ba ki toshe wurin ba, yoyon za ki ninka, ga mai bashi a bakin ƙofa.

Abin da ke ruɗin masu wannan sana'a arhar fis ɗin ce. Busasshen fis ne da aka cire wa ɓawo ya rabu gida biyu, ga shi da shan ruwa: kilo ɗaya yakan ɗauki kusan lita huɗu. Sai mace ta dubi ɗan ƙullin da ta sayo, ta dubi tukunya cike fal, ta ce ai rabin wannan riba ce. Alhali fis ɗin shi ne mafi sauƙi a cikin abin da take kashewa.

Bari mu yi lissafin da roba, mu ajiye maganar kuɗi, don farashi yana canzawa amma roba ba ta canzawa. Kilo biyu da ruwansa da albasa da karas da nama zai ba ki wajen lita 10. In kowace roba mililita 400 ce, kin sami roba 25. A matsayin misali kawai, mu ce kuɗin roba takwas ya tafi a kayan miya, wato kusan kashi ɗaya cikin uku, daidai da abin da masu gidajen abinci kan yi ƙoƙarin tsayawa a kai. Uku sun tafi a gas, uku a robar kanta da murfi da cokali da leda, biyu a kuɗin kaiwa, huɗu kuma ladan hannunki ne, don ke ma ma'aikaciya ce a wannan kicin ko da ba wanda ya ɗauke ki aiki. Ashirin ke nan. Ribarki roba biyar ce ta ƙarshe, waɗanda ke can ƙasan tukunya.

To ga inda gizo ke saƙar. Na taɓa tsayawa a kicin ɗin wata mai irin sana'arki ina kallon hannunta. Takan zuba ludayi biyu, ta dubi robar, ta ga kamar da sauran wuri, sai ta ɗan karkato ludayin ta ƙara. Ba ta ma san tana yi ba. Da muka ɗora a sikeli, robar da take kira 400 ta kusa 480. Da wannan hannun, lita 10 roba 21 za ta bayar, ba 25 ba. Huɗu daga cikin biyar ɗin riba sun tafi a gyara, kuma ba wanda ya gode mata, don ba wanda ya san an yi masa. In kuma ranar miyar ta kama a ƙasa aka bar lita guda a tukunya, ta fara cin ladan hannunta ke nan. Ina kyautata zaton labarinki bai yi nisa da nata ba.

Saboda haka sayayyar farko da nake so ki yi ita ce ƙaramin sikelin kicin. Ki auna roba ɗaya daidai, ki ja layi a jikinta, ki ajiye ta a gabanki lokacin zubi.

Sai kauri. Fis yana da sitaci sosai, shi ya sa miyar da kika sauke da ruwa-ruwa takan daskare in ta huce. A Holan har alfahari suke yi da cewa tasu sai cokali ya tsaya cak a ciki, amma ke da kike sayarwa da awo, duk ranar da ta yi kauri fiye da kima kin rage wa kanki roba biyu ko uku. Ba cewa nake ki tsinka ta ki cuci mutane ba, wanda ya saba da ita zai gane a cokalin farko. Ki tsayar da kauri ɗaya da masu sayenki ke so, ki rubuta yawan fis da yawan ruwan da suka ba da shi, ki daina dafawa da ido.

Nama ma haka. Maimakon ki zuba shi duka a tukunya wani ya samu yanka biyar wani ya samu ɗaya, ki dafa kyafaffen ƙashi a ciki don ƙamshi, ki tsame naman ki yayyaga, ki riƙa ɗorawa a sama da awo. Nan take kin sami farashi biyu, mai nama da marar nama.

Gas kuwa abu biyu ke cinye shi. Sabon fis yakan narke cikin awa ɗaya ko ɗaya da rabi, tsoho kuwa sai ki yi ta hura masa wuta yana nan da tsakuwa-tsakuwa, don haka kafin ki ɗauki buhu ki gwada kofi ɗaya. Kuma duk abu mai tsami, tumatir ko lemon tsami ko khal, in ya shiga da wuri yana hana shi laushi. Ki bari sai ya narke. Jiƙo ba dole ba ne, amma awa biyu ko uku a ruwa yana rage zamansa a wuta.

Maganar babbar tukunya akwai abin da ƙawarki ba ta faɗa miki ba. Yanzu miyarki ba ta kwana, shi ya sa ba ki haɗu da shi ba. Miya mai kauri a tukunya mai zurfi, samanta zai huce tsakiyarta na nan da ɗumi awanni da yawa, kuma tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyos nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Akwai wadda ake kira Clostridium perfringens, tafasa ba ta kashe irinta, jira take abinci ya yi ɗumi-ɗumi ta farfaɗo. Duk mai dafa da yawa dole ta juye a farantai masu faɗi, zurfin bai wuce santimita biyar ba, su shiga firji cikin awa biyu. A firji kwana uku zuwa huɗu, a firiza wajen wata uku, kuma in za a ɗumama sai ta tafasa har tsakiya. Wannan ƙarin aiki ne, ƙarin wuta, ƙarin wuri. Mutum biyar a ofis ɗaya su kwana da ciwon ciki, kin rasa ofis ɗin baki ɗaya, har da na kusa da shi.

In kina son ƙarin ciniki ba tare da bashi ba, ki dubi Suwidin da Finlan, inda aka daɗe da sanin Alhamis a matsayin ranar shan miyar fis. Rana sananniya tana sa mutane su shirya mata. Ki tsayar da ranakunki uku, ki ce oda tana rufewa daren jajibiri, a biya kafin a kai. Kin san roba nawa za ki dafa kafin ki kunna wuta, kuma da kuɗin masu saye za ki yi cefane.

Ki yi mako biyu a haka, tukunya shida ke nan, kina rubuta abin da ya shiga kowace da robar da ta fita. In ribar ta tsaya a roba biyar, tukunya 12 a wata sun ba ki 60. In a lokacin kina mayar da masu oda don miya ta ƙare, sai mu yi maganar firiza, da sharaɗin biyan wata kada ya wuce kuɗin roba 30. Babbar tukunya kuwa ta jira; in ma za ki canza, mai kaurin gindi za ki nema, wadda ba ta kamu. Ki turo mini lissafin tukunya shidan, Hajiya, har da robar da kika bai wa maƙwabta ɗanɗano.