Kwana ɗaya a Ayalan: wace motar yawon buɗe ido zan shiga?

Tambaya: Zan je taro Dablin a watan Yuni, kuma akwai rana guda da ba ni da aiki. Na ga ana tallan manyan motoci masu kai mutane Giant's Causeway, wasu Ring of Kerry, wasu tsaunukan Moher. Wanne ya fi? Fasfon Najeriya gare ni, bizar Ayalan kaɗai na samu.

Amsa: Hajiya, bizarki ta riga ta raba gardama a kan na farkon. Giant's Causeway a Arewacin Ayalan yake, ƙarƙashin Birtaniya. Babu shinge a iyakar, sai dai ki ga allunan hanya sun koma mil maimakon kilomita, amma mai fasfon Najeriya sai da bizar Birtaniya. Kada kallon duwatsu ya ja miki rigima.

Ring of Kerry kuwa zagaye ne na kilomita 179 da ake farawa daga garin Killarney. Daga Dablin a yini guda, gajiyar ta fi kallon yawa.

Ki je Moher. Motocin kan tashi wajen ƙarfe 7 na safe, su ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma, tafiyar sama da awa 3: gonaki kore shar, tumaki da tabon fenti a gadon baya, katangun duwatsu da aka jera ba siminti. Can a gundumar Clare, ƙasa take yankewa kwatsam, dutse ya miƙe tsaye a bakin tekun Atlantika, inda ya fi tsayi ya kai mita 214. Ki taka har hasumiyar O'Brien da aka gina a 1835, daga nan kallon ya fi. Ki zaɓi motar da za ta bi ta Burren, wani fili na farar ƙasa da ya daskare ya tsattsage, furanni na leƙowa daga tsagogin. Ni dai a wurina bai gaza Moher ba.

Ki riƙe rigar ruwa, don lema ba ta jure iskar wurin, kuma ki ɗaure mayafi tamau. Wani lokaci hazo kan rufe komai, wannan kam sai addu'a. Idan an tsaya cin abinci a ƙauyen Doolin, kifi da soyayyen dankali ya fi kwanciyar hankali. Miyar kifinsu mai kauri sai kin tambaya, wasu na sa naman alade. Kada magariba ta dame ki: a Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10, kin riga kin koma masauki.