Amsa ga 'yata kan gwada magani a jikin ɓeraye

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce malamanku na ɗura wa ɓeraye ruwan sabara da na ɓawon maɗaci don a ga ko suna da illa, kina tambaya ko wannan ba raina kakanni ba ne, tunda sun sha sun zauna lafiya.

Ba raini ba ne. Su ma ba da ka suka yi aikin ba. Sun san zaƙami na juya hankali, ruwan tumfafiya na ɓata ido, 'ya'yan bini-da-zugu kuwa in an zarce kima sai gudawa ta kayar da ƙato. Mai maganin kirki yakan kurɓa a gabanka kafin ya miƙo ƙoƙo, ya ce ludayi ɗaya, kwana uku a daina, mai ciki kada ta taɓa. Ya san ka, ya san gidanku.

Wannan awon ne ya ɓace, kuma shi ke damuna. Ki leƙa kasuwar Dole a nan Damagaram: robobi jere, an haɗa saiwa iri-iri an dafa ta yi baƙi ƙirin, mai sayarwa bai san mai saye ba, ana sha wata da watanni. Hanta da ƙoda kuwa ba sa kuka da wuri. Sai ƙafa ta kumbura, ido ya yi rawaya, a ce jifa ne.

Abin da ido ba ya gani shi ɓera ke nunawa. Ana auna magani daidai da nauyinsa, a ba shi sau ɗaya a sa ido kwana 14. Wasu a ba su kullum har kwana 28, sannan a duba jini da hanta da ƙoda. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba ku a likita daga ganyen gargajiya na Sin ya fito. Wata masaniya 'yar Sin, Tu Youyou, ta gwada shi a jikin ɓeraye a 1971, aka ba ta kyautar Nobel a 2015.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne, tsirarsa ba ta halatta wa jariri maganin ba. Kuma rai ne, Allah zai tambaye ki: kada ki bar su da ƙishirwa, kada a kashe fiye da buƙata. In za ki karɓo ganye wurin tsoho, ki durƙusa ki gaishe shi, ki rubuta awonsa da lokacin da yake tsinka.