Sagewar hannu ga mai juna biyu: likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, cikina ya shiga wata na bakwai, kuma kusan kullum cikin dare hannuna na dama yana sagewa har ya tashe ni daga barci, sai na yi ta yarfe shi kafin ya saki. Da safe ko kofin shayi na ɗauka sai in ji yana neman suɓucewa. Surukata ta ce sanyi ne. Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Malama, Allah ya raba lafiya. Abin da kika bayyana ya fi kama da matsewar jijiya a wuyan hannu, ba sanyi ba. Akwai wata jijiya da ke saukowa daga wuya, ta bi ta wani ƙunƙuntaccen lungu a wuyan hannu tare da igiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu, kuma ita ce ke kai ji ga babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na huɗu. Jikin mai ciki yana tara ruwa sosai, musamman a watanni ukun ƙarshe, lungun kuwa ƙasusuwa da wata igiya mai tauri ne suka kewaye shi, ba ya buɗewa, don haka da zarar wurin ya kumbura sai jijiyar ta matse. Ki lura da kanki daren yau: in wannan ce matsalar, za ki tarar ɗan ƙaramin yatsa lafiyarsa ƙalau, domin wata jijiya ce daban ke kula da shi.

Abin ya fi tsananta da dare saboda yawancinmu muna barci da hannu a lanƙwashe, wasu ma har su yi matashi da shi. Abin da ya fi taimakawa shi ne ɗaurin wuyan hannu da ake samu a manyan shagunan magani, wanda ke riƙe hannun a miƙe har gari ya waye. Ki ɗora hannun a kan matashi, ki cire zobe da awarwaro, ki kuma rage matse wanki da daka da tuƙin tuwo mai yawa, ko da yake na san wannan ya fi sauƙin faɗa a kan aikatawa a gidan da ba mai taya ki. Ga yawancin mata sagewar takan tafi cikin makonni ko 'yan watanni bayan haihuwa.

Tambaya: Matata tana da cikin wata takwas, hannuwanta biyu suna sagewa, kuma kwana uku ke nan fuskarta ta kumbura tana fama da ciwon kai. Mu jira ranar awo? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Malam, kada ku jira, ka kai ta asibiti yau a auna jininta a kuma duba fitsarinta. Sagewar ba ita ta dame ni ba, kumburin fuska da ciwon kan ne, domin bayan mako na 20 suna iya zama alamar hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga idan aka yi sakaci. Awon da ya kai 140 bisa 90 abin kulawa ne, balle in ta fara gani dishi-dishi ko tana jin ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Haka kuma duk macen da ɓarin jikinta ɗaya ya sage farat ɗaya, bakinta ya karkace ko maganarta ta sarƙe, a garzaya da ita asibiti ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Mai kemis ya ba ni Diclofenac saboda zugin hannu, ina da cikin wata shida. In sha? Daga Kumasi.

Amsa: 'Yar'uwa, ki ajiye shi. Diclofenac da Ibuprofen da danginsu suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake kwance a ciki, a ƙarshen ciki kuma suna iya rufe wata hanyar jini kusa da zuciyarsa kafin lokacinta. Farasitamol ya fi aminci in an sha shi bisa ƙa'ida, sai dai zugi yake ragewa, ba ya buɗe jijiyar. Idan ɗaurin hannu bai yi aiki ba, ko naman gindin babban yatsa ya fara ramewa, ki gaya wa likitan awo ya duba ki, ya kuma gwada suga da maƙoƙo, domin su ma suna jawo irin wannan matsewar.