Likita, Kwayoyin Ƙarfin Maza Suna Ƙara Testosteron?

TAMBAYA: Likita, ina gaisuwa. Shekaruna 47, direba ne ni tsakanin Tawa da Yamai. Kwanan nan ƙarfina ya ja baya. Wani mai tallar magani a tasha ya sayar mini da kwayoyi da zuma 'yar leda a jaka biyar, ya ce zallar itatuwa ne masu ƙara testosteron. Zumar tana aiki cikin awa ɗaya, sai dai kaina yana sarawa. In ci gaba? Daga wani mai karatu a Tawa.

AMSA: Malam, ka ajiye zumar nan tun yau. Babu saiwar da ke ɗaga testosteron, wato sinadarin mazakuta da jiki ke samarwa, cikin awa ɗaya. Abin da ke saurin nan yawanci sildenafil ne, sinadarin Viagra, aka zuba a ɓoye, kuma ciwon kai yana cikin alamunsa. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta gargaɗi kamfanoni bayan ta gano irin waɗannan magunguna a zumar maza. Mai ciwon zuciya da ke shan maganin nitret, wanda ake bayarwa don ciwon ƙirji, in ya haɗa da wannan, jininsa kan faɗi warwas, har a rasa rai. Kai kuma ga sitiyari a hannu.

Su kwayoyin, duba kwalin. Sau da yawa za ka ga an rubuta Tribulus. Tsidau ne fa, ƙayar nan da ke sukar yara a fili! An gwada shi a kan maza, bai ɗaga testosteron ba. Hulba da ashwagandha, wata saiwa ta Indiya, sun nuna ɗan ƙari a wasu ƙananan gwaje-gwaje, amma ashwagandha ta taɓa hantar wasu, Denmak ma ta hana sayar da ita a 2023.

Ni abin da ya fi damuna, kowa ya ɗora laifi kan testosteron alhali bai auna ba. A shekarunka, raunin gaba ya fi zuwa daga ciwon suga, hawan jini, teɓa, taba da rashin barci. Tiramol da direbobi ke sha don kore gajiya shi ma yana sauke testosteron ƙasa sosai. In kana taɓawa, ka gaya wa likitanka ba kunya.

Kuɗin nan ka kai su awon suga da na hawan jini. In za a auna testosteron, da sassafe ake ɗibar jini, kafin ƙarfe 10, a sake wata rana kafin a yanke magana. Ka tafi da ledar zumar da kwalin a gani.