Amsar tambayarka a kan alamomin jam'iyyu

Ɗana, bayan gaisuwa, saƙonka ya iso. Ka tambaye ni ko hukumar zaɓe ce ke raba wa jam'iyyu alama, ta ce ke ga lema, ke kuma ga tsintsiya, sannan me ya sa ba a buga hoton ɗan takara a takardar ƙuri'a.

A Najeriya hukumar INEC ba ta raba wa kowa alama. Kowace jam'iyya ita ke zaɓar tata, ta kai wa hukumar lokacin da take neman rajista. Aikin hukumar shi ne ta duba kundinta: in wata ta riga ta yi rajista da wannan alama, ko da mai kama da ita har a iya rikita su, sai a ce a sake wata. Akwai kuma abubuwan da doka ta hana. Sashe na 222 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana suna ko tambarin da ke nuna addini, ƙabila ko ɓangare ɗaya na ƙasa. Dokar Zaɓe ta ƙara da tambarin gwamnati, na soja da 'yan sanda, kayan sarauta, da hoton mutum, rayayye ko matacce. Wannan hanin ya yi mini daidai, domin da an bar mutane, da wani ya ɗora masallaci, wani coci, a raba mu a bakin akwati.

Kada ka ɗauki alamar nan abin ado. Don iyayenmu da ba su yi boko ba aka yi ta. A Jamhuriya ta Farko NPC ta su Sardauna fartanya ta riƙe, NEPU ta Malam Aminu Kano tauraro, NCNC zakara. A zaɓen 1959 kowane ɗan takara da akwatinsa, an liƙa alamar a jiki, ka shiga ka jefa a wanda kake so. Zuwa 1979, lokacin da matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, sai ga gida da masara na NPN, ga mabuɗin PRP. Kakarka ba ta san harafi ko ɗaya na boko ba, amma ba mai ruɗa ta a kan mabuɗi. A 1993 kuwa doki ne na SDP, mikiya ta NRC, jam'iyyu biyun da gwamnatin Babangida ta kafa da kanta.

Batun hoto kuwa, tsarinmu bai ba da damar tsayawa takara ba tare da jam'iyya ba, saboda haka alamar jam'iyya da gajeren sunanta ake bugawa, a jere bisa haruffa. Ɗan takara ba shi da tasa alamar.

Inda abin ya dame ni shi ne 2019, da mutum 73 suka tsaya neman shugaban ƙasa. Takarda ta yi tsawo, alamomi suka ƙanƙance, tsofaffi masu raunin ido suka sha wuya. A 2020 hukumar ta soke rajistar jam'iyyu 74.

Jam'iyya kan canza alama ma, kamar yadda NNPP ta bar kwandon kayan marmari bayan zaɓen 2023. Don haka in zaɓe ya matso, ka nemo alamomin yanzu ka nuna wa mahaifiyarka, ka bar ta ta zaɓi wadda ranta ke so, ka kuma tuna mata ta dangwala a cikin gida ɗaya kada tawada ta tsallaka layi ƙuri'ar ta lalace. Ka gaishe ta da yaran.